Karnukan Yaya Turdukul da Ubanninsu Bakwai

Yayana Turdukul bai taɓa riƙe muƙami ba, ko na gadin rumbun ciyawa, amma a kwarinmu na Sari-Tor ba a sa ranar aure sai ya ce a sa. Sana'arsa a takarda kiwon tumaki ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, bai iya ba. Abin da ya iya shi ne nasaba. Ka faɗa masa sunan kakanka, ka miƙa masa shayi, kafin shayin ya huce ya kai ka ga ubanka na bakwai, ya gaya maka dokin da ya hau da wanda ya sato. Tunda a wurinmu ba a aure tsakanin waɗanda suka haɗu a cikin ubanni bakwai, duk saurayin da ya ga yarinya sai ya fara gaishe da Yaya kafin ya gaishe da ubanta. Aure huɗu na san ya rushe, ɗaya ma har an riga an yanka goɗiyar biki.

Ni ce ƙanwarsa, Ajarkan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina malamar dabbobi, tun zamanin gonar gwamnati, ni ke rubuta wane rago aka haɗa da wace tunkiya. Wato ni ma nasabar nake yi, sai dai tawa a rubuce take, kuma ba a taɓa ajiye mini kan rago a wurin biki saboda ita ba.

Bayan nasaba, abu ɗaya Yaya yake so a duniya: taigan, karnukan farautarmu masu doguwar ƙafa da gashin kunne. Yana da shekara talatin da 'yan kai wani tsohon maharbi ya ba shi 'yar kwikwiyo, tukuicin gano masa kakansa na shida da ya ɓata. Ya sa mata suna Laachin. Ni ba mai yabon kare ba ce, amma wannan karya na gan ta da idona tana bin yanyawa a kan dusar ƙanƙara, sai da na manta ina riƙe da linzami. A hunturu ɗaya ta kawo fata arba'in da uku. Ta taɓa tsayar da kerkeci ita kaɗai har mahaya suka iso. Ranar da ta mutu Yaya bai ci abinci ba, alhali ranar da aka binne kawunmu sai da ya nemi ƙari.

Daga nan ya ɗauki alkawarin da ba wanda ya sa shi, cewa jinin Laachin ba zai yanke a gidansa ba. Kuma da yake shi mutum ne mai tsari, sai ya ɗora wa karnuka dokar mutane. Ba a haɗa karyarsa da kare sai ya ƙirga ubannin kowanne guda bakwai, ya tabbatar ba su haɗu ba. Ya san su kaf, yana jero su da irin muryar da yake jero na mutane, ido a lumshe: Shumkar ɗan Karakush, ɗan Tinar, ɗan wane, ɗan wane. Maharban kwari uku suka koya a wurinsa. Ya zamana kare ba ya da daraja a gundumarmu sai mai shi ya iya jero masa bakwai ba gargada.

Ba ya sayar da kwikwiyo, wannan abin kunya ne. Kyauta yake yi, kuma mata yake bayarwa, ga aminai a Kochkor da Narin da bakin tafki. Can sai a haɗa su da karnukan wurin, a haifi maza. Bayan 'yan shekaru, in karyar gida ta shiga lokacinta, Yaya ya yi sirdi ya tafi neman baƙon kare, ya dawo yana murna ya samo wanda ubanninsa ba su taɓa jin sunan Sari-Tor ba. Haka aka yi ta yi shekara talatin.

Laachin tara take haifa, kuma duka su tashi. Jikokinta suka koma shida. Daga baya huɗu, biyu su rayu. Aka fara samun masu gajeren muƙamuƙi da ba sa iya kama nono, da wani da ya kai wata bakwai lafiya lau sannan ya kama faɗuwa yana kumfa. Yaya ba ya rasa dalili. Da farko baki ne, aka turara gidan kare da hayaƙin itacen arca. Sannan garin sha'ir na yanzu ne ba shi da albarka. Da aka kafa ƙarfen waya a kan tudu sai ya samu mai laifin da ba ya musu, ya yi shekara biyu yana zaginsa in ya wuce. Ni kuma, da duk takarduna, ban hango komai ba. Ina jin an ce kare daga Kochkor yake sai in ɗauka baƙo ne, domin tumakina ba sa tafiya ziyara.

Bara waccan saura karya ɗaya a gidan, Aktosh, baƙa mai farin ƙirji, shekararta bakwai. Haihuwarta biyu na baya babu wanda ya kai sati uku. Kowa ya san ciki ɗaya ya rage mata, in ya lalace an rufe gidan Laachin ke nan. Yaya ya rame. Na tausaya masa, ko da yake ban nuna ba, don in ka nuna masa tausayi sai ya fara ba ka tarihin tausayi tun daga kakanninmu.

Wata rana da kaka na je gidansu cin abincin rana, na tarar da shi fuska a sake. Ya sami mafita, in ji shi. Amininsa Jekshen na Kochkor yana da kare, Tuigun, wanda ubanninsa bakwai duk sun kama kerkeci, kuma ko ɗaya bai haɗu da na Aktosh ba. Ya jero mini su ina tauna nama. Ban san abin da ya kawo maganar bakina ba, wataƙila tsohon aiki ne, na ce masa to ita uwar Tuigun ɗin wace ce.

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan tukunyar da aka dafa naman.

"Uwa kuma? Ajarkan, kin taɓa jin an ƙirga uwaye bakwai? Jini ta uba yake bi. Karatun nan naku ya bar ku ba ku san gaba ba, ba ku san baya ba."

Matarsa Kalicha, wadda nake kira Jene kamar yadda ya dace da matar wa, tana gefe tana murza kwaɓin gurasa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Uwar Tuigun ai Sulu ce, ƙanwar Aktosh ta ciki ɗaya. Wadda ka ba Jekshen a cikin hularka shekarar da rufin garke ya faɗi."

Yaya ya ce to sai me, ai mace ce, ta tafi gidan wasu ta zama tasu. Ni kuwa na ajiye naman. Na tambayi Jene uwar uban Tuigun fa. Ta faɗa, ita ma daga gidan nan ta fita. Uwar kakansa? Daga gidan nan. Ashe duk kwikwiyon da aka haifa a gidan tun daga Laachin, Jene ce ta dama masa gari da romo, ita ta ɗumama shi a bayan murhu, ta san wadda aka ba wa, da abin da ta haifa a can, don matan maharba suna haɗuwa a biki kuma ba maganar kerkeci suke yi ba. Na ce Jene, shekara talatin kina da wannan a ka ba ki faɗa ba? Ta ce ba wanda ya tambaye ta.

Kwana uku muka yi ni da ita a ɗakin baƙi. Na shimfiɗa ragowar takardar manna bango, na juya bayanta, tana faɗa ina zanawa. Yaya yana wucewa ta ƙofa yana gyaran murya, yana cewa mata biyu sun sami aikin yi. A rana ta uku na kira shi ya zauna, na ɗauko gurasa guda.

Na raba ta biyu, na ce kowane ɗa rabi yake ɗauka daga uba, rabi daga uwa, ko ɗan mutum ko ɗan kare, kuma jikin bai san wanne ake jerowa a wurin biki ba. Na sake raba kowane rabi, na ce ga kakanni huɗu. Na ce in aka ci gaba haka har hawa na bakwai, kowane kare yana da kakanni ɗari da ashirin da takwas, shi kuma Yaya guda ɗaya ya sani a cikinsu. Idan uban kwikwiyo da uwarsa sun gangaro daga kaka ɗaya, kwikwiyon yana iya karɓar gutsure iri ɗaya ta hannu biyu. In gutsuren na gudu ne, madalla, abin da ake nema ke nan. In na ciwo ne, babu lafiyayye daga ɗaya ɓangaren da zai rufa masa asiri.

Na nuna masa yadda muke aunawa. Ka ɗora yatsa a kan uban, ka hau har ka iske kakan da suka haɗa, ka sauko ta ɗaya gefen zuwa uwar. Kowace dabba ka taka a hanya, ka raba biyu. In hanyoyin suna da yawa ka bi kowacce, ka tara. In wa ya haihu da ƙanwarsa, lissafin ɗan yana ba da ashirin da biyar cikin ɗari. Na ce masa komawa ga jinin dabba mai kyau ba laifi ba ne, mu ma mun yi da wani rago mai laushin gashi, amma ido buɗe muka yi, muna duba takarda, in lamba ta fara hawa mu kawo baƙo na gaske.

Sannan na ba shi jan fensir na ce ya zagaye sunan Laachin duk inda ya gan shi a bayan Aktosh. Ya fara da murmushi, don sunan yana masa daɗi. A na takwas murmushin ya tafi. Sau goma sha tara ya zagaye. Na ce Aktosh tana kan ashirin da bakwai cikin ɗari, in aka haɗa ta da Tuigun 'ya'yan za su kai talatin da uku. Wato mutumin da ya hana 'ya'yan mutane aure saboda sun haɗa kaka tun kafin a kawo bindiga kwarin nan, ya shekara talatin yana ɗaura wa karnukansa auren da ya fi na wa da ƙanwa kusa.

Kada ku ɗauka ya sallama. Ya ajiye fensir, ya ce kare ba tunkiya ba ne, kakanninmu sun yi kiwon taigan shekara dubu ba su san kashi cikin ɗari ba. Na ce kakanninmu suna ƙaura daga wannan dutse zuwa wancan, karnukansu suna gamuwa da na duniya, ba su da wani Turdukul da ya cika kwari uku da 'ya'yan karya ɗaya. Ya ce ran Laraba zai kai Aktosh Kochkor, kuma maganar ta ƙare.

Jene ce ta karya shi, ba lissafina ba. Tana naɗe takardar ta yi magana a hankali, tana kiransa da sunan ɗansu.

"Baban Ermek, ka kai ta. Amma goma sha ɗaya na binne a bayan rumbun ciyawa cikin shekara huɗu. Duk ranar da ɗaya ya fara sanyi sai ka tuna kana da aiki a kan dutse. Ni na gama. Na wannan karon kai za ka riƙe su har su daina motsi, kai za ka haƙa ramin."

Laraba ta zo ta wuce, sirdi yana rataye. Ran Juma'a ya zo gidana, ya sha shayi kofi uku yana maganar tsadar ciyawa, sannan ya tambaya, yana kallon taga, ko a takardun nan nawa akwai wani kare a ƙasar nan da bai ci garin Kalicha ba.

Akwai. Wata da muka yi makaranta tare ta gaya mini labarin wani makiyayi a Alai, Nurmat, mai taigan da ba a taɓa ganin irin gudunsa ba a can. Muka ɗauki shatar mota, kwana biyu a hanya, Aktosh a kujerar baya kan cinyar Yaya, ni a gefe kamar 'yar rakiya. Karen ya fito, ja ne, dogo, ƙirji kamar ganga, haƙora reras. Yaya ya zagaya shi sau uku bai sami abin kushewa ba, kuma na san ya nema. Aka zauna, aka sha nonon goɗiya, Yaya ya gyara zama ya tambayi sunan uban karen.

Nurmat ya ce wallahi aksakal, wato dattijo, shi ma bai sani ba. A bakin hanya ya tsince shi yana ɗan mitsitsi, wataƙila daga motar masu ƙaura ya faɗo. Yaya ya ce to sunansa fa? Nurmat ya ce Ja suke ce masa, tunda ja ne. Yayana ya miƙe tsaye. Ya fita waje ya daɗe yana kallon duwatsun da ba nasa ba, ya dawo ya kwance igiyar Aktosh da hannunsa. A hanyar komawa, a wajen garin Kazarman, ya ce in na faɗa wa wani zai cire ni daga nasabar gidanmu. Na tuna masa ai dama ba na ciki.

Da farkon dusar ƙanƙara Aktosh ta haifi bakwai. Ɗaya ya zo ba rai, shida suka kama nono kamar masu bin bashin yunwa, suna ture juna suna gurnani. Yaya bai hau dutse ba ko sau ɗaya. Ya kawo kujera bakin gidan kare, yana ƙirga su safe da yamma kamar wani zai rage. Sati uku suka wuce, wata ya wuce, ba wanda ya yi sanyi. Ranar da suka fara cin gari na ga Jene tana dariya tana share ido da bakin ɗankwali.

Saura magana ɗaya. A wasan maharba na Nooruz, bikinmu na shigowar bazara, kowa yana fito da sababbin karnukansa, a jero musu ubanni a gaban jama'a, kuma Yaya ne alƙalin jerin tun ina budurwar ma'aikaciya. Dole a tambaye shi. Ni ce na kawo shawara, kuma ba na alfahari da ita. Na ce Yaya, Alai da nisa, ba wanda zai je. Ka ƙirƙiro wa Ja ubanni bakwai masu daɗin suna, kai ne littafin, abin da ka faɗa shi ne. Bai musa ba, har na ɗauka ya karɓa.

Ranar wasa fili ya cika, masu farauta da mikiya a gefe ɗaya, masu karnuka a gefe. Yaya ya shigo da shidansa, watansu huɗu, suna jan igiya kamar za su tsinke masa hannu. Mutane suka taso, don an daɗe ba a ga ciki ɗaya ya tashi da shida ba a gundumar. Jekshen, wanda har lokacin yana jin haushin an ƙi karensa, ya matso yana murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Turdukul, masha Allah. To jero mana. 'Ya'yan wane ne?"

Yaya ya gyara hularsa. Na ga ya lumshe ido kamar yadda ya saba, na ce a raina ga su nan tafe. Sai ya buɗe.

"Sunan ubansu Ja. Uban Ja kuwa ban sani ba. Mai shi ma bai sani ba, a bakin hanya aka tsince shi."

Sai wani daga baya ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Jekshen ya ce ashe aksakal ya koma kiwon 'ya'yan titi. Wani saurayi, cikin waɗanda Yaya ya taɓa hana aure, ya ce a ba shi ɗaya ya kai wa matarsa ta yi gadin kaji. Waɗanda suka shekara suna layi a ƙofarsa don kwikwiyo suka ja karnukansu gefe kada su shaƙi na tsintacce. Duk abin da suka yi masa shi ya koya musu, kuma sun koya da kyau. Kafin a tashi an naɗa Jekshen alƙalin jeri na baɗi, ba tare da an ko dubi inda Yaya yake ba.

Shekara sittin ina yi wa mutumin nan tsiya, kuma yawancinta ya cancanta. Amma ranar, a tsakiyar filin nan, kunyar kaina ce ta kama ni, kuma na so shi fiye da yadda na taɓa sonsa. Na bi shi zuwa inda ya ɗaure doki, na ce Yaya, da ka faɗi sunaye bakwai ai da yanzu ana rububinsu.

Yana ƙoƙarin warware igiyoyin da suka naɗe masa ƙafa ya ce, "Da na faɗa, da sun haddace. Bayan shekara goma wani zai ƙirga da su ya haɗa karyarsa, matarsa ta haƙa rami." Ya miƙo mini igiya uku. "Riƙe waɗannan, sun fi ƙarfina."